Na tsinci maciji a ɗakin ɗan haya, ƙashi da fata: in kashe ko in yi jinya?

Ɗan Hayin Dogo (11 ga Disamba)
Assalamu alaikum jama'a. Na san maganar kaji da zomaye da tattabaru aka saba yi a zauren nan, to yau ga wata sabuwa. Akwai wani ɗalibi da ya kama ɗaki a gidan mahaifinmu a Samaru. Tun farkon Satumba ya ce zai je gida ya dawo, shiru kake ji. Kuɗin haya ya ƙare, lambarsa ba ta shiga, jiya Baba ya sa aka ɓalle kwaɗon a gaban mai unguwa. Muna fitar da kaya sai ga wata babbar roba mai murfi a ƙarƙashin gado, an huhhuda murfin. Ina buɗewa na watsar na yi waje. Maciji ne. Da na dawo da sanda sai na ga ko motsin kirki ba ya iya yi. Kwanon ruwansa ya bushe ƙayau, kashi ya daskare a jikin jaridar da aka shimfiɗa, wari kuwa ba a magana.

Launinsa ruwan goro ne da manyan tabo jajaye, cikinsa fari da baƙi kamar allon diraf. A jikin robar an manna takarda da sunansa da Turanci da ranakun da aka ba shi abinci, ta ƙarshe 24 ga Agusta. Ga hotuna nan. Ƙashin bayansa ya fito kamar kusurwar rufin kwano. Samarin layinmu sun ce in fito da shi su gama da shi, ni kuma hannuna ya ƙi. Me zan yi?

Sani Kwangila
Tambaya ma kake yi? Ka ba samarin su rage maka aiki. Tun da nake ban taɓa jin an yi jinyar maciji ba. Ranar da ya warware kai zai fara gaisarwa.

Maman Ilham
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wato wata nawa kuna kwana gida ɗaya da wannan abin ba ku sani ba? Ni tsoron irin wannan ɗan hayar ma ya fi kama ni. Me mutum zai yi da maciji a ƙarƙashin gado in ba wani abu yake ƙullawa ba?

Baba Wusasa
Ɗana, kafin komai kada ka sa hannu. Na yi shekaru ina aikin jinya kafin in yi ritaya, na ga abin da kububuwa ke yi wa manoma. Mutum ya zo da ƙafarsa yana magana, kwana biyu jini ya ƙi tsayawa, ta dasashi, ta fitsari, ta tsohon rauni. A nan Zariya wani likita Bature, David Warrell, ya yi bincike a kan saran kububuwa a farkon shekarun 1970, kuma har yau akwai asibiti guda a Kaltungo da aikinsa ke nan. Macijin da ya galabaita ma yana sara, kai ko wanda aka sare wa kai yana iya cizo. Ka rufe robar, ka ɗora dutse, ka jira wanda ya san abin ya duba hotunan.

Dakta Hanwa
Wa alaikumus salam. Baba Wusasa ya yi gaskiya, haka ya kamata a yi da duk macijin da ba a sani ba. Amma na duba hotunan da kyau, har da takardar. Wannan ba macijin ƙasar nan ba ne. Sunansa in an fassara shi ne macijin masara, a ilimance Pantherophis guttatus. Asalinsa kudu maso gabashin Amurka, wajajen Fulorida da Jojiya da Karolina. Ba shi da dafi ko kaɗan, naɗe ɓera yake yi ya matse shi ya haɗiye. Sunan ma wasu sun ce daga rumbunan masara ya samo shi, don can yake bin ɓeraye, wasu kuma sun ce zanen cikinsa ne ya yi kama da zangarniyar masara mai launi-launi. Yana cikin macizan da aka fi kiwo a gidaje a ƙasashen Turawa saboda sanyin halinsa, kuma a hannun mai kula yana wuce shekara 15, wasu har 20 da ɗoriya. Anti Maman Ilham, ba tsafi ba ne, sha'awa ce irin ta masu kiwon aku. Sai dai wannan yaron ya ɗauki abin da bai iya riƙewa ba.

Baba, kububuwa gajera ce, da wuya ta wuce santimita 60, jikinta kaushi, kanta faffaɗa, in ta fusata tana goga jikinta ya ba da ƙara kamar an zuba ruwa a kasko mai zafi. Wannan dogo ne siriri mai santsi. Amma kada wani ya karanta wannan ya je gona ya ce ya iya tantance maciji. Na faɗi haka ne don ga zanen ciki, ga takardar mai shi.

Ƙanena, abin da nake so ka ji da kunnen basira: kada ka ba shi abinci yau, ko gobe, ko jibi. Ruwa da ɗumi tukuna.

Ɗan Hayin Dogo
Dakta, yunwa fa ta kusa kashe shi. Wani maƙwabcinmu har ya kawo min ɓeran da ya kama a tarko.

Dakta Hanwa
Ka binne ɓeran nan. Na ɗaya, ba ka san ko ya ci shinkafar ɓera a wani gida ba, gubar za ta wuce cikin macijin. Na biyu, tsutsar ciki. Na uku kuma kai kanka nake ji wa: ɓeran gida ne ke ɗauke da zazzaɓin Lasa, kuma yanzu da rani lokacinsa ne. Ba za ka ceci maciji ka kwantar da gidanku ba.

Dalilin da ya sa na ce a dakata da abinci: maciji jikinsa ba ya samar da ɗumi kamar namu, daga waje yake samu. In babu ɗumi, abincin ba ya narkewa, ruɓewa yake yi a ciki. Ga shi hanjin da ya daɗe ba aiki ya kan tsuke, ga ƙishirwa ta busar da shi. Ka duba hoto na uku, fatar ta yi tamoji-tamoji a gefe, alamar rashin ruwa ke nan. Kuma ba watanni ukun nan kaɗai suka mai da shi haka ba. Babban maciji mai lafiya yana iya wata uku bai ci ba bai lalace haka ba. Ka ƙirga ranakun da ke takardar, sau biyar kacal aka ba shi abinci tun Janairu. Mai lafiya bayansa a zagaye yake kamar burodi, naka kusurwa uku ne.

Abin yi yau: ka wanke robar da ruwan zafi da sabulu, ka ɗauraye sosai, ka shanya. Shimfiɗa farar takarda ko jarida, ban da dusar katako, don mu riƙa ganin kashinsa da duk ƙwaron da ke jikinsa. Kwanon ruwa mai nauyi wanda ba zai kife ba. Maɓoya biyu, ko fasasshiyar tukunyar ƙasa ko kwalin sabulu, ɗaya a kowane gefe. Gefe ɗaya ya kasance da ɗumi wajen digiri 29 zuwa 30, ɗayan kuma 23 zuwa 25, shi zai zaɓi inda yake so. Ka sayi ma'aunin zafi, kada ka auna da tafin hannu. Sannan ka aro sikelin masu yin kek ka auna min shi.

Alhaji Mai Kaji Basawa
In ɗumi ne ai da sauƙi. Ni da hunturu kaskon gawayi nake sa wa 'yan tsaki. Ko ka rataya masa ƙwan lantarki a cikin robar.

Dakta Hanwa
Alhaji, ranka ya daɗe, ɗakin kajinka iska na ratsawa. Gawayi a rufaffen ɗaki mutum ma yana kashewa. Ƙwan lantarki a ciki kuma, maciji zai je ya naɗe shi ya ƙone bai janye ba, na ga irin wannan ƙunar a hotunan karatu, ba kyan gani. Tunda wuta ba tabbas, ga dabara: gorar ruwan zafi a naɗe da tawul, a jingina ta a jikin robar ta waje, gefe ɗaya kawai, a lulluɓa bargo da dare a bar ramukan iska. A canza ruwan kafin a kwanta da kuma da asuba.

Abu Khalil
Ni abin da ban gane ba, duk wannan wahalar a kan me? Ga marayu, ga almajirai suna kwana cikin wannan sanyin, mu kuma muna nan muna lissafin digirin maciji. An umarce mu da kashe maciji da kunama ko muna cikin salla. Wannan kwaikwayon Turawa ne kawai, a kira shi da sunansa.

Ɗan Hayin Dogo
Malam Abu Khalil, ni ban saya ba, ban nema ba. A ɗakinmu na tsince shi.

Malam Ƙofar Doka
Bismillah. Hadisin da ɗan'uwa ya kawo na kashe baƙaƙe biyu a cikin salla, maciji da kunama, haka yake, ba mai musu. Malamai da yawa kuma sun hana cinikin macizai don ba su ga amfanin da ke cikinsu ba, shi ya sa ba zan ba kowa shawarar ya je ya sayo ba. Amma a haɗa da wani hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Abin da yaron nan ɗan haya ya yi ke nan, Allah ya shirye shi. Yanzu dabbar ta faɗo hannun wannan bawan Allah. A fahimtata, dalilin umarnin kisa shi ne cutarwa, likita kuma ta ce wannan ba ya da dafi. In ya ga ba zai iya ba, a kashe shi kisa ɗaya ba tare da azabtarwa ba, ba samari su taru da duwatsu suna ihu ba. In zai iya, ya ba shi haƙƙinsa. Abin da ba shi da hanya ko kaɗan shi ne ya mayar da murfi ya bar shi ya ƙarasa mutuwa da yunwa. Wallahu a'alam.

Abu Khalil
Allah ya gafarta Malam, kyanwa daban maciji daban. Kyanwa tana cikin masu kewaya mu a gida. Ni dai ban gamsu ba.

Sani Kwangila
To a kai shi bayan dutsen Kufena a sake shi mana, kowa ya huta. Ba kisa, ba jinya.

Dakta Hanwa
Wannan ma kisa ne, sai dai ba a gabanka ba. A roba aka ƙyanƙyashe shi, bai san dawa ba, ga shi ko kansa ba ya iya ɗagawa sosai. Shaho ko manomin farko da ya gan shi ya gama da shi. Kuma ba a sakin baƙuwar dabba a dajin da ba nata ba. Ostareliya ta haramta shigo da wannan macijin ɗungurungum saboda tsoron kada ya bazu ya cinye musu ƙananan dabbobi.

Mai Kula da Zaure
Jama'a, kowa ya faɗi ra'ayinsa. Na goge saƙonni biyu da suka koma zagi. Mai tambaya ya ji, ya rage nasa.

Ɗan Hayin Dogo (13 ga Disamba)
Na yanke shawara zan gwada. Baba ya ce ba ruwansa muddin abin bai fito ba, Inna kuwa ta ce kada in sake shiga kicin ɗinta sai na yi wanka. Na mayar da shi tsohon ɗakin ajiya na bayan gida. Tsawonsa santimita 118, nauyi giram 185. Da na ajiye ruwan, wallahi ya tsoma baki ya fi minti biyar yana sha, ina ganin maƙogwaronsa na motsi. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ina kallo ba. Abu biyu: idonsa ɗaya kamar an manna masa leda, ƙarshen wutsiyarsa kuma ya yi baƙi ya bushe kamar tsinke. Akwai kuma wasu baƙaƙen ɗigo a cikin ruwan kamar garin barkono.

Dakta Hanwa
Mai wannan tsawon kamata ya yi ya ninka wannan nauyin, ko kusa da haka. To, idon da wutsiyar duk matsala ɗaya ce: saɓa ce ba ta fita ba. Maciji ba shi da fatar ido, wani ɓawo ne garai-garai ya rufe idon, yana fita tare da saɓa. In iska ta bushe sai ya maƙale. Shi yana son laimar iska kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, hunturun Zariya kuwa kai ma ka ga yadda leɓenka da dugaduganka suke. A wutsiya tsohuwar saɓa ce ta taru ta ɗaure wurin kamar zobe har jini ya daina zuwa. Wannan guntun ya riga ya mutu. Kada ka ja, kada ka yanke, kada kuma ka sa farce a idon.

Ka samo ƙaramar roba mai murfi, ka huda ƙofa a gefe, ka sa jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta a ciki, ka ajiye a gefen ɗumi, zai riƙa shiga da kansa. Sau ɗaya a rana ka sa shi a ruwa mai ɗan ɗumi, wanda bai kai rabin kaurinsa ba, minti 15, kana tsaye a kansa don marar ƙarfi ne. Baƙaƙen ɗigon nan ƙwari ne masu shan jini, kamar ƙumar kaji. Su ma suna cikin abin da ya ƙarar da shi.

Alhaji Mai Kaji Basawa
Ɗan fiya-fiya kaɗan a ruwa, a fesa, an gama da su.

Dakta Hanwa
Alhaji don Allah a'a! Da ƙwarin da macijin duk za su tafi tare. Ƙanena, ka sa shi a jakar matashi ka ɗaure bakin, ka kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, ai kusa da ku ne. A duba bakinsa ko akwai ruɓa, a saurari numfashinsa, a ba ka maganin ƙwarin daidai nauyinsa. In ya yi kashi ka kai ɗanye a duba. Kuma duk lokacin da ka taɓa shi ko kayansa ka wanke hannu da sabulu, dabbobi masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar salmonela. A nan Inna ta fi ka gaskiya, kada kwanon ruwansa ya kusanci wurin wanke-wanke, kada yara ƙanana su taɓa.

Gambo Tudun Jukun
Ni na tashi kusa da gidan gardawa. Ɗanyen ƙwai suke ɗura wa nasu, wani lokacin madara. Ka fasa ƙwai ka zuba masa da sirinji, kwana uku ya miƙe.

Baba Wusasa
Gambo, ka taɓa tambayar wata nawa macizan nan ke yi a hannunsu? Da yawa an cire musu haƙora, bakin ya ruɓe, ba sa iya ci da kansu, shi ya sa ake ɗura. In ya mutu a kamo wani.

Dakta Hanwa
Madara ba abincin maciji ba ce sam. Ɗura kuma ita ce matakin ƙarshe, likita ke yi da bututu, domin ƙofar numfashinsa a ƙasan baki take, kuskure kaɗan ka cika masa huhu. Tunda yana shan ruwa da kansa ina sa ran zai ci da kansa. Ka nemi masu kiwon fararen ɓeraye da ɗaliban kimiyya ke saya don bincike, akwai su a Samaru. Ka tabbatar ba waɗanda aka yi gwajin magani a kansu ba ne. Bayan kwana bakwai da samun ɗumi da ruwa, ka ba shi jariri ɗaya wanda gashi ya fara fito masa, giram 6 zuwa 8. Matacce, ba mai rai ba. Ɓera mai rai yana iya gaigaye maciji marar ƙarfi, kuma ba dalilin azabtar da ɓeran. Ka ɗumama shi a ruwan ɗumi, ka miƙa da dogon hantsaki da magariba, ka rufe ka ba shi wuri. Bayan ya ci kada ka taɓa shi kwana biyu.

Sani Kwangila
Ikon Allah. Ɓeran da muke neman kyanwa ta raba mu da shi, yau shi ake saye da kuɗi har ana ɗumama shi.

Ɗan Hayin Dogo (21 ga Disamba)
Ya ci! Na kai shi asibitin, bakinsa lafiya, an ba ni maganin ƙwarin. Jiya na miƙa masa, ya daɗe yana fito da harshe, sai ya kama a hankali, ko naɗewa bai yi ba. Giram 196 yanzu, Dakta ta ce yawanci ruwa ne.

Ɗan Hayin Dogo (9 ga Janairu)
Jama'a na yi ɓarna, kuma laifina ne. Ya ci sau uku lafiya, sai na ga kamar abin da nake ba shi bai kai ya kawo ba, yana gamawa yana neman ƙari. Ranar Litinin na ba shi babban ɓera guda, wajen giram 25. Daren kuma aka yi sanyin nan mai shiga ƙashi, barci ya kwashe ni ban canza ruwan gorar ba. Da asuba ma'aunin yana nuna 15. Yau na tarar ya amayo shi, rabi a narke, warin har tsakar gida. Ya koma ya lafe. In sake ba shi ƙarami gobe?

Dakta Hanwa
Ƙanena, da kana kusa da na ja kunnenka. Sau nawa na ce ƙarami? Aman maciji ba irin namu ba ne da za ka wanke baki ka nemi koko. Ruwan cikin da ke narkar da ƙashi ne ya biyo ta maƙogwaro ya ƙona shi, ya kuma yi asarar ruwa da ƙarfin da ya kashe wajen narkarwar. In ka ba shi gobe zai sake amayarwa, na biyu ya jawo na uku, a haka ake rasa su. Kwana 14 ba abinci. Ruwa, ɗumi, shiru. Bayan nan ka koma ƙasa da inda ka fara, jariri marar gashi. In ya riƙe sau uku a jere, tazarar kwana bakwai-bakwai, sai a ɗan ƙara. Ƙa'idar ita ce kaurin ɓeran kada ya wuce inda ya fi kauri a jikin macijin, naka kuwa a ƙasa da haka za ka tsaya tukuna.

Ina fata girman abincin da sanyin ne kawai. In ya sake amai alhali ɗumi daidai abinci ƙarami, ko ka ga tsakiyar cikinsa ta kumbura ta yi tauri, to akwai wata cuta, kiriftosforidiya, da ke kaurara bangon tumbinsu. Ba ta da magani mai warkarwa, kuma sai an yi gwaji na musamman fiye da sau ɗaya ake gano ta. In ita ce, za mu yi wata maganar daban, mai ɗaci.

Baba Wusasa
Kada ka karaya ɗana. Haka muke fama da iyayen yara masu tamowa. Uwa ta ga ɗanta ya fara karɓa sai ta cika masa ciki don tausayi, washegari a dawo da shi ranga-ranga. Da cokali ake farawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Maman Ilham
Ni fa har yanzu ko hoton ba na iya buɗewa da dare. Amma na ce a gaya maka, ka sa ƙararrawar waya ƙarfe biyu saboda gorar. Haka na yi lokacin da nake renon 'yan zomaye da uwarsu ta mutu.

Ɗan Hayin Dogo (18 ga Fabrairu)
Alhamdu lillahi bai sake amai ba, ya riƙe sau huɗu. Makon jiya idanunsa suka yi shuɗi-shuɗi, launinsa ya dushe, na tsorata, Dakta ta ce saɓa ce ke zuwa in ƙyale shi. Shekaranjiya na tarar da ita guda ɗaya tun daga kai har ƙasa kamar an cire safa, har da ɓawon idanun biyu. Mataccen guntun wutsiyar ya faɗi da kansa, kamar santimita biyu, wurin ya bushe lafiya. Giram 221. Jan da ke jikinsa yanzu kamar an shafa masa mai. Jiya kuma da na sa hannu ya kaɗa wutsiya a jikin jarida, karrr, na yi tsalle.

Dakta Hanwa
Haka suke yi in sun tsorata, barazana ce kawai. Ni daɗi ma na ji, wanda ke bakin mutuwa ba ya barazana. Yanzu ka kula da murfin. Gwanayen tserewa ne, duk inda kansa ya shiga jikinsa zai bi. Dutse a tsakiya bai isa ba, ka sa maƙalai a kusurwa huɗu.

Abu Khalil
Ra'ayina bai canza ba. Amma tunda ka ɗauka, ka rufe da kyau saboda maƙwabta. Ranar da ya shiga gidan wani ba wanda zai tsaya tambayar daga Amurka yake ko daga Galma.

Ɗan Hayin Dogo (6 ga Afrilu)
Malam Abu Khalil kamar ka sani. Maƙali ɗaya ya karye ban lura ba, ranar Alhamis na tarar da roba wayam. Na rufe ƙofar ɗakin na yi ta bincike ban gaya wa kowa ba, gumi har cikin ido. Sai bayan isha'i na same shi a bayan buhunan masarar Baba, a naɗe a kan siminti. Ina jin sanyi ya bi, don yanzu matsalar ta juye: ɗakin rufin kwano ne, da azahar ma'aunin yana kai 37. Kwana biyu yana kwance cikin kwanon ruwa.

Dakta Hanwa
Zafin nan ya fi sanyin Janairu haɗari. Sanyi ciwo yake sa shi, zafin da ya haura 35 in ya daɗe kashe shi zai yi. Cire gorar gaba ɗaya. Sauke robar ƙasa kan siminti, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, in akwai na ƙasa ya fi. Jiƙa buhu ka yafa a rabin murfin, ka jingina tulun ruwa a gefe ɗaya. Abinci sai da dare in gari ya huce, ranar da zafi ya yi tsanani ka ɗaga. Haka za ka lallaɓa har ruwa ya sauka. Nawa ne nauyin?

Ɗan Hayin Dogo
268. Bayan ya fara zagayewa, sai kusa da wuya ne ƙashin ke ɗan nunawa. Amma ga wata kuma. Mai shi ya kira Baba jiya da sabuwar lamba. Wai rashin lafiya ya yi a gida, ya bar wa abokinsa mabuɗi ya riƙa zuwa, abokin bai zo ba. Zai zo ya biya bashin haya ya kwashe kayansa, kuma ya tambayi macijin, ya ce da tsada ya saye shi a Legas.

Sani Kwangila
Kan uba! Ka ce masa ya mutu. Ai da ba don kai ba da tuni ya zama ƙasa.

Malam Ƙofar Doka
A'a Sani, ban da ƙarya. In uzurinsa gaskiya ne, Allah ya ƙara sauƙi. Ka gaya masa halin da ka same shi, ka nuna masa hotunan farko, ka kuma kawo lissafin abin da ka kashe, a zauna gaban mahaifinka da mai unguwa a daidaita.

Dakta Hanwa
Rashin lafiyar ta Satumba ce. Takardar da ya rubuta da hannunsa ta nuna sau biyar tun Janairu, lokacin yana nan lafiyarsa ƙalau. Ka ajiye ta a gabansa. Ka tambaye shi digiri nawa gefen ɗumi yake so, da kwana nawa ake jira bayan amai. In ya amsa, ka ga dai. In bai amsa ba kuma Babanku ya gaji, ni ina da wuri.

Maman Ilham
Kai kuma kana so ka ba shi ne?

Ɗan Hayin Dogo
Anti, ban sani ba wallahi. Baba so yake abin ya bar gidan tun ranar masarar, don ƙanwata ta tona min asiri. Inna kuwa da na gaya mata mai shi zai zo, cewa ta yi wanda ya bar shi ya bushe ne za a mayar wa? Ya ce Asabar zai shigo. Na haɗa lissafin, ɓeraye 14, ma'auni, maƙalai, kuɗin asibiti da na mashin. Daren Juma'a ne ranar cinsa, Dakta, in ba shi ko in ɗaga tunda wataƙila a ɗauke shi a mota washegari?

Dakta Hanwa
Ka ɗaga. Ko wurina zai zo, ko Legas, ba a tafiya da shi da abinci a ciki.